FOAPAL: Tsarin Lambobin Asusu a Jami'o'in Amurka

FOAPAL tsari ne na lambobi da jami'o'i da dama a Amurka ke liƙa wa duk kuɗin da ya shigo ko ya fita, domin a san mai shi da kuma abin da aka yi da shi. Sunan ya fito ne daga haruffan farko na kalmomin Turanci shida da ke nufin asusu, sashe, nau'in shiga ko kashewa, manufa, aiki da wuri. Yana cikin Banner, manhajar gudanar da harkokin jami'a ta kamfanin Ellucian. Jami'ar Illinois tana sa lamba guda a farkon jerin don bambanta harabobinta: 1 ta Urbana, 2 ta Chicago, 4 ta Springfield.

Kuɗin jami'a ba na aljihu ɗaya ba ne. Akwai kason gwamnatin jiha, akwai kuɗin makaranta, akwai kyautar da mai bayarwa ya gindaya wa sharaɗi, akwai kuma tallafin bincike daga hukumomin tarayya irin su NIH (ta binciken lafiya) da NSF (ta binciken kimiyya). Duk suna iya zama a banki ɗaya, amma ba a yarda a cakuɗa su a littafi ba. Lambar asusu ce ke riƙe wannan amana, shi ya sa ta fi sauran nauyi. Lambar sashe tana nuna ofishi ko tsangayar da ke da alhaki, ta nau'i ta ce albashi ne ko tafiya ko kayan ɗakin gwaji, ta manufa kuma ta raba koyarwa da bincike da hidimar al'umma. Lambobin aiki da wuri kuwa ba kullum ake cike su ba.

Idan malami ya samu tallafi, ana buɗe masa sabuwar lambar asusu mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Lissafinta ba ya rufewa da ƙarshen shekarar kuɗi, yana tafiya har aikin ya kammala. Da zarar an ba da odar kaya, manhajar na ɗaure kuɗin tun kafin a biya, don kada mai binciken ya ɗauka yana da saura alhali babu.

Inda aka fi samun rigima shi ne kuɗin ɗawainiya, wato kason da jami'a ke caja don wuta, gini, laburare da ma'aikatan ofis. Ana lissafa shi bisa kaso cikin ɗari da aka daidaita da gwamnatin tarayya, kuma ba a ɗora shi a kan manyan na'urori. Kuskure ɗaya a lambar nau'i, sai a caji mai ba da tallafi abin da ba haƙƙinsa ba ne. A 1991 wani ƙaramin kwamitin majalisar wakilai, ƙarƙashin ɗan majalisa John Dingell, ya binciki Jami'ar Stanford bayan an gano kuɗin furannin gidan shugabanta da na faɗuwar darajar wani jirgin ruwan shaƙatawa a cikin abin da aka caji gwamnati. Shugaban, Donald Kennedy, ya sanar da murabus a shekarar, gwamnati kuma ta ƙayyade kason gudanarwa na kuɗin ɗawainiya a kashi 26 cikin ɗari. An sasanta a 1994 ba tare da an kama jami'ar da zamba ba, amma sunanta ya riga ya taɓu.

Tun Disambar 2014, ƙa'idar tarayya mai lamba 2 CFR 200 ce ke fayyace abin da ya halatta. Giya, alal misali, ba ta shiga kuɗin tallafi, don haka jami'o'i ke ware wa irin waɗannan abubuwa lambobi na musamman, su fita daga lissafin da ake miƙa wa gwamnati. Wajibi ne a ajiye takardu na shekara uku bayan rahoton ƙarshe. Ƙa'idojin suna bin kuɗin har ƙetare: jami'ar Najeriya ko Ghana da ta karɓi tallafin NIH dole ta ware lissafinsa daban, kuma kashi 8 cikin ɗari kawai ake ba ta na ɗawainiya, abin da da wuya ya ishi jami'ar da ke sayen dizal don kunna ɗakin gwaji.