Yaron da ya ƙi tsawo: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Yarona ya fi sa'anninsa gajarta. Ciwon gadon nan ne na ƙarancin sinadarin girma?

Da wuya. A ƙauyukanmu na Jigawa tamowa ce kan gaba, sikila ma na jawo hakan. Wani kuma gajartar gidansu ce kawai. Malam, fara duba naka tsawon.

Mene ne ciwon?

Akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke fitar da sinadarin girma. Idan ƙwayar gado irin GH1 ko PROP1 ta samu tangarɗa, sinadarin ba ya fita yadda ya kamata. Ba kasafai ake ganinsa ba.

Sammu ne?

A'a.

Yaya zan gane?

Yawanci ana haihuwarsa da nauyinsa daidai, daga baya tsawon ya tsaya. Ga kumatu, ga ɗan tumbi, ɗan shekara bakwai da fuskar goyo, haƙora sun makara. Hankalinsa ras, kada ku cire shi daga makaranta. Ku riƙa sa alamar tsawonsa a jikin bango da gawayi. In bai ƙara santimita 4 a shekara ba, a nufi Asibitin Malam Aminu Kano a yi gwajin jini da hoton ƙashin hannu.

Na sayo maganin ƙiba a kemis?

Wa ya aike ki? Maganin wannan ciwon allura ce, yawanci kullum ake yin ta, tun 1985 ake haɗa ta a masana'anta, mai tsada, kuma yawancinta sai da firji. Bayan balaga, in ƙashi ya rufe, ba ta ƙara tsawo.

Muna da mai irinsa a gida, ga shi an sa ranar 'yata da ɗan wana. A fasa?

Hajiya, ba ni zan raba zumunci ba. Abin ya danganta da nau'in da ke gidanku. Akwai wanda sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, su kuma lafiyarsu ƙalau, kamar dai AS da AS a sikila. A nan kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar. Amma akwai nau'in da ɗauke da shi daga ɓangare guda ma ya isa, ko bare aka aura. Wani kuma ta wajen uwa yake bi ya faɗa kan maza. Ƙila ma na gidanku ba na gado ba ne sam. Gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna wannan, kada takardarsa ta ruɗe ku. Ku fara kai marar lafiyar a tantance shi, sannan a zauna da likitan yara da iyayen ango, tun kafin a kai lefe.