Kwamfuta ba ta ganin bayan hoto

An daɗe ana ɗauka cewa in ka ba kwamfuta hoton gini, za ta juya shi ta nuna maka bayansa. Ina! Abin da kyamara ba ta kama ba, babu shi.

Sai an tara hotuna ta ɓangarori daban-daban, kwamfuta ta nemo alama guda a cikinsu, kamar tsagar bango, ta auna yadda alamar ta gusa daga wannan hoto zuwa wancan, ta gano nisa. Haka masanan Jami'ar Washington suka harhaɗa siffar tsofaffin gine-ginen birnin Rum a 2009, da hotuna 150,000 daga Flickr, shafin intanet da mutane ke ɗora hotunansu.

Manhajojin da ke juya hoto ɗaya kuwa, kintace suke yi. Sai su zana taga tsaf inda magini bai huda ba.