Waiwaye kan murhun bandar kifi: daga bakin teku zuwa tafkin Tabalak da bakin kogin Isa

Kifi ba ya jiran kowa. In masunci ya fito da shi da hantsi cikin zafin Afrilu ko Mayu, lokacin da Yamai da Tawa ke wuce digiri 40, to kafin la'asar ciki ya kumbura wari ya fara tashi, wahalar dare guda ta tafi hakanan. Firigo ba kowa ke da shi ba, inda akwai shi ma sai wuta ta tsaya, ƙanƙara kuma kafin ta kai ƙauyen masunta rabi ya narke. Shi ya sa har gobe abin da ke tsare kifi a ƙasashenmu shi ne wuta da hayaƙi, kuma mata ne ke zaune bakin wutar. In ana maganar binciken injiniyoyi kan harkar kamun kifi hankalin mutane jirage yake tafiya da manyan injina da tashoshin ruwa, amma ni in an tambaye ni aikin da ya fi taɓa rayuwar talakan bakin ruwa cikin shekaru hamsin da sunka wuce, murhu zan ce. Mafi yawan aikin a bakin teku anka yi shi, Gana da Senegal, mu ko ba mu da teku, amma tarihin ya shafe mu sosai don kifin banda muke ci kuma shi muke saidawa.

Abin ya faro ne daga cikin ruwa. Wajen ƙarshen shekarun 1950 masuntan Gana sunka fara ɗaura inji bayan kwale-kwale, ga kuma taru na nailan ya maye na zare, sai ya zama a lokacin da ƙananan kifin teku irin sardin ke tasowa, wato Yuli zuwa Satumba, jirgi guda kan sauke abin da a da sai jirage da yawa. Matan da ke banda a gaɓa ko har lokacin murhunsu na da ne, zagayayyen gini na laka ko tano da anka yanke, a jera sanduna a shimfiɗa kifi, in ana son juyawa sai an kwashe da hannu ɗaya bayan ɗaya cikin zafi, na ƙasa ya ƙone na sama bai nuna ba, wasu su farfashe, icce kuma ya tafi da yawa don zafin ta ko'ina yake ficewa. Kifi ya yi yawa murhu ya kasa, har a zubar ko a binne.

Masu ilmi sun kawo magunguna kala-kala. Wanda ya fi suna shi ne murhun Altona, sunan wata unguwa ce ta Hambug a Jamus, doguwar akwati mai ƙofar ƙarfe, kuma a takarda ba shi da laifi, kifinsa na fitowa da kyau. Mata ba su karɓe shi ba. Kuɗɗinsa sun fi ƙarfinsu, sannan tsarin aikinsa na son a tsire kifi a rataya, wadda aka zube ma dubban ƙananan sardin a gabanta da yamma yaushe za ta zauna tsirewa. An ƙera shi ba a zauna da mai aikin ba, kuma wanga kuskure an maimaita shi sau da yawa daga baya a wurare daban-daban.

A 1969 ne anka canza hanya. Hukumar abinci ta duniya FAO da cibiyar binciken abinci ta gwamnatin Gana sunka je wani ƙauyen masunta kusa da Akara mai suna Chorkor, sunka yi aiki da matan wurin kan murhun da matan sunka riga sunka sani. Abin da ya fito ba ya da wani ban mamaki in ka gan shi, gini ne na laka mai kusurwa huɗu, tsawonsa bai wuce santimita 60 ba, da bakin wuta biyu a gaba. Hikimar tana cikin farantan. Kowane faranti katako ne aka kewaye, aka buga masa ragar waya a ƙasa, da mariƙi a kowane gefe, a shimfiɗa kifi a ɗora wani kan wani, ana iya kaiwa har 15, a rufe na sama. Da yake katakon na zama daram kan ɗan uwansa sai tarin farantan ya zama kamar bututu, zafi da hayaƙi ba su da hanyar fita sai sun ratsa kifin duka. In lokacin juyi ya yi mutum biyu su kama faranti su maida na ƙasa sama, ba a taɓa kifi da hannu, ba ya karyewa. Icce ya ragu sosai, abin da ake gasawa a rana ya ninka, kuma duk kayan aikin magini da kafinta na gari ne ke yinsu, waya kaɗai ake saye. Cikin shekarun 1980 UNICEF da ƙungiyoyin mata sunka tallafa aka yaɗa shi, ya shiga Togo da Benin da Gini da Gambiya ya wuce har gabashin Afirka, ya kuma hau cikin ƙasa zuwa tafkuna da koguna. Ina ganin wanga murhu ya cancanci a koyar da tarihinsa ga duk ɗalibin da ke karatun injiniya a ƙasar nan.

To amma akwai abin da ba a auna ba a lokacin. Wutar Chorkor kusa take da kifi, kifi in ya ji zafi kitse yake zubarwa, kitsen ya ɗiga kan harshen wuta ya ƙone ya taso da baƙin hayaƙi ya koma ya manne jikin kifin. Iccen da bai ci da kyau ba shi ma haka, balle in ɗanye ne ko mai ƙaro. Cikin wanga hayaƙi akwai wasu sinadarai da masana ke kira PAH, babbansu benzopiren, wanda cibiyar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa, ta hukumar lafiya ta duniya, ta sa cikin rukunin farko, wato abin da anka tabbatar yana haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Rufewar da ta sa murhun ya rage cin icce ita ce kuma ke tara hayaƙin kan kifi. Wannan ga mai ci kenan. Mai banda kuwa nata ya fi, yini take cikin hayaƙi idanu jajur, tari ba ya ƙarewa, sau da yawa da goyo a baya shi ma yana shaƙa, duk wanda ya taɓa tsayawa inda iyayenmu mata ke wanga aiki ya san ba ƙari na yi ba.

Abin da ke min ciwo a tarihin shi ne maganar ba ta yi ƙarfi ba sai da kasuwar Turai ta sa doka. A 2005 Tarayyar Turai ta ce benzopiren kada ya wuce mikrogram 5 a kilo guda na kyafaffen kifi (mikrogram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), daga Satumban 2014 ta sauke zuwa 2, a 2009 kuma hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya ta fitar da ƙa'idojin yadda za a rage shi wajen banda. Aka fara tsayar da kaya a iyaka, ƴan kasuwa a Kodebuwa da Gana sunka yi asara, sai aka ɗauki kifi zuwa labo aka ga na Chorkor kan wuce iyakar nesa ba kusa ba. Alhali abin da ake kaiwa Turai ɗan kaɗan ne, mafi yawa a tukunyarmu yake ƙarewa, cikin miyar kuka da ta kuɓewa, shekara da shekaru.

Amsar ta fito daga Senegal. Daga 2008 FAO da makarantar horar da ma'aikatan kamun kifi da ke Thiaroye a gefen Dakar sunka ƙera sabon murhu da ake kira FTT, kuma wata malama ƴar Senegal, Oumoulkhaïry Ndiaye, tana cikin waɗanda sunka jagoranci aikin. Dabararsu ita ce raba ayyukan da a da wuta guda ke yi. Gashi daban, ana yinsa da garwashi cikin wani kasko da ake turawa ƙarƙashi, babu harshen wuta. Tsakanin garwashi da kifi an sa farantin ƙarfe mai ramuka da aka yi musu hula, zafi ya hau, kitse ko in ya ɗigo ya gangara gefe a tare shi, har a yi amfani da shi. Hayaƙin da ke ba kifi launi da ƙanshi kuma a waje ake haɗa shi cikin tano, ya bi bututu ya huce ya ratsa jiƙaƙƙen soso ya tace kafin ya shiga. Matan Abobo-Doumé a Abijan suna cikin na farko da sunka yi aiki da shi, kuma aune-aune sun nuna kifinsa na iya sauka ƙarƙashin iyakar Turai. Matsalarsa kuɗɗi, ƙarfe ne da yawa da walda, mace ɗaya ba ta iya yinsa daga aljihunta sai ƙungiya ko wani proje, kuma mai saye a kasuwar gida ba lalle ya ƙara ko dala don kifin ya fi tsabta ba, wasu ma baƙin suke nema don shi sunka saba. Ƴan Gana wajen 2016 sunka fito da Ahotor, wanda Chorkor ne aka gyara masa ɗakin wuta da jan bulo aka ƙara farantin tare kitse, don ya zo tsaka-tsaki, shi ma yaɗuwarsa a hankali take saboda tsada. A Najeriya cibiyoyin binciken kifi irin NIOMR a Legas da NIFFR a New Bussa bakin tafkin Kainji su ma kowa da nasa samfurin.

Mu dawo gida Nijar. Kifinmu daga wuri uku yake, kogin Isa, wato kogin Neja, tafkin Cadi da Komadugu a Diffa, sai tafkunan cikin ƙasa irin Tabalak da Dan Dutsi a jihar Tawa, waɗanda duka biyu anka sa cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a 2005, da Madarunfa a Maradi. Na Diffa yawanci banda ake yi a loda zuwa Najeriya, kuma darajarsa ta fito fili lokacin da gwamnati ta hana sana'ar a 2015 saboda Boko Haram, ba a ɗage ba sai 2019, gidaje da yawa sunka durƙushe. Tun bayan farin da ya sa kogi ya daina gudu a Yamai cikin Yunin 1985 ƙoƙarin da ake yi ya fi karkata wajen samar da kifin, kiwon karfasa cikin keji a kogi, zuba ƴaƴan kifi a tafkuna, ga fatan da ake ɗorawa kan madatsar ruwa ta Kandaji a kan kogin Isa. Duk wannan daidai ne, sai dai a nawa ganin abin da ke samun kifi bayan ya fito daga ruwa bai samu rabin wannan kulawa ba.

Kuma ba zai yiwu a ɗauko FTT yadda yake a dire a Tabalak a ce an gama ba. Kifinmu daban, tarwaɗa ce mai kitse da ake naɗewa, da ragon ruwa, da giwan ruwa da ake yankawa gunduwa-gunduwa, kaurinsu da lokacin nunarsu ba ɗaya da sardin ba. Makamashi ma daban, ƴan bakin teku suna da ɓawon kwakwa, mu kara gare mu da totuwar masara da ƙaiƙayin shinkafar fadamun kogi, gawayi kuwa a Sahel ba abin da za a tura mutane gare shi ba ne don buhu guda sai an ƙone iccen da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Ta wani gefen kuma mun fi su sa'a, iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, rana ba ta yankewa, in aka fara tsane kifi cikin na'urar busarwa mai aiki da rana lokacin da zai yi kan wuta zai ragu. Sannan akwai ƙwaron da ke cinye banda cikin kwali ya bar ƙaya da gari, wanda tsoronsa ke sa wasu yayyafa maganin ƙwari piya-piya kan abin da mutane za su ci, wallahi wannan ya fi hayaƙin ma gaggawa, kuma kifin da ya bushe sosai aka ɗaure shi da kyau ƙwaro bai cika samun ƙofa ba, wato nan ma maganar ta komo kan murhu da wurin ajiya.

Ba mu rasa masu iyawa ba. Farfesa Abdou Moumouni ya karɓi jagorancin ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, a 1969, shekarar Chorkor ɗin, kuma tun lokacin ake ƙera kayan aiki da rana a Yamai. Murhun girki Mai Sauƙi na shekarun 1980 ya shiga gidaje ne don maƙeran gari sun iya yinsa daga tsohon kwano a kuɗɗin da uwargida za ta iya biya. Yau ga cibiyar binciken noma INRAN, ga makarantar injiniyoyi EMIG, ga jami'ar Abdou Moumouni da ta Tawa da ta Diffa. Abin da nake so in gani shi ne ɗalibai su je Tabalak lokacin kamu da sikeli da ma'aunin zafi, su auna kilo nawa na icce ke tafiya kan kilo guda na tarwaɗa a murhun da mata ke aiki da shi yanzu, a kai samfurin kifin labo a san PAH ɗinsa, sannan a gwada ginin laka irin na Chorkor da farantin tare kitse na FTT a kansa, tare da matan ba a bayan idonsu ba. Farantin maƙerin kasuwar Katako ta Yamai zai iya buga shi daga tano. Ragar waya ce kan fara lalacewa, don haka tun a lissafin farko a sa kuɗɗin canza ta, a kuma tabbatar ana samunta a kasuwar Tawa ba sai an aika Yamai ba.