Eyam: Ƙauyen Ingila Da Ya Killace Kansa Lokacin Annoba

Ina ne Eyam, kuma me ya sa aka san shi?

Ƙaramin ƙauye ne a gundumar Derbyshire, cikin tsaunukan Peak District, ba nisa da birnin Sheffield. Mutanen wurin "Iim" suke cewa. Sunansa ya fito a kundin ƙidayar Domesday na 1086, kuma haƙar dalma ce tsohuwar sana'arsa. Amma abin da ya fito da shi duniya shi ne annobar 1665 zuwa 1666.

Ta yaya cutar ta shigo?

A ƙarshen bazarar 1665 aka aiko wa tela Alexander Hadfield ɗaurin yadi daga Landan, inda annoba ke cin mutane. Mataimakinsa George Viccars ya kwance ɗaurin, ya tarar da danshi, sai ya shanya yadin a bakin wuta. An fi yarda cewa ƙuma mai ɗauke da cutar na cikin yadin, ɗumin wuta ya tashe ta. A farkon Satumba aka binne Viccars. Alamomin cutar su ne zazzaɓi mai zafi da kaluluwa a hammata, wuya ko matsematsi. Da sanyi ya shigo mace-mace suka ragu, domin ƙuma ba ta da ƙarfi a hunturu. Zafi na dawowa a 1666 sai abin ya dawo fiye da da.

Wa ya yanke shawarar rufe ƙauyen?

Limamin coci William Mompesson, tare da Thomas Stanley, wanda ya riga shi riƙe muƙamin aka cire shi saboda saɓanin aƙida. Haɗin kan nan shi ne ginshiƙin lamarin, domin Mompesson baƙo ne, Stanley kuwa jama'a na jin maganarsa. A Yunin 1666 aka amince da abu uku: ba shiga ba fita, kowane gida ya binne mamacinsa kusa da shi, sannan a rufe coci a koma yin ibada a fili, a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowa nesa da ɗan'uwansa. Musulmi zai tuna hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa wa, ya kuma hana na ciki fita.

To da me suka rayu?

Maƙwabta da basaraken Devonshire da ke babban gidan Chatsworth ke aiko da abinci a ajiye a kan iyaka. Har yau akwai dutsen iyaka a hanyar ƙauyen Stoney Middleton da ke maƙwabtaka, mai ƙananan ramuka a kansa. A ciki ake zuba ruwan khal a tsoma kuɗi, wai don ya kashe cutar. Haka aka yi a rijiyar da yanzu ake kira da sunan Mompesson. Mai yiwuwa ba khal ɗin ne ya yi aiki ba, tazarar da ke tsakanin mai kawowa da mai ɗauka ce ta kare mutane.

Mutum nawa suka rasu?

Kimanin 260 cikin wata 14, kuma Agustan 1666 ne ya fi muni. A watan nan Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, da hannunta. Catherine, matar Mompesson, wadda ta ƙi tafiya ta bar mijinta, ita ma a watan ta rasu. Mutuwa ta ƙarshe ta auku a farkon Nuwamba. Masana tarihi na gardama kan ko killacewar ta ƙara yawan mamata a cikin ƙauyen, tunda ta haɗa masu lafiya da marasa lafiya wuri guda. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai garuruwan kewaye ba su ga irin abin da Eyam ta gani ba, kuma wannan shi ne abin da mutanen suka nufa tun farko.

Me mai ziyara zai gani?

A fara da cocin St Lawrence. A harabarsa akwai kabarin Catherine, da tsohon gicciyen dutse na zamanin Anglo-Saxon (mutanen Ingila na da) mai sassaƙa, da agogon rana na 1775 a bango. Kusa da nan gidajen da cutar ta fara suke, kowanne da allon sunayen mamatansa. Mutane na zaune a ciki, don haka daga waje ake kallo. Akwai babban gidan Eyam Hall da iyalin Wright suka gina 'yan shekaru bayan annobar, da turun da ke dandali, inda a da ake ɗaure masu laifi, da gidan tarihi da aka buɗe a 1994. Kaburburan Riley na iyalin Hancock suna tsakiyar gona a gabashin ƙauyen. Da ƙafa ake zuwa, hanyar na da hawa da caɓi in an yi ruwa, sai a sa takalmi mai ƙwari.

Yaushe ya fi dacewa a je?

Ƙarshen Agusta. A Lahadin ƙarshe na watan ake taron tunawa a Cucklett Delf, kuma a lokacin ne ake ƙawata rijiyoyi da hotunan furanni da aka manna a kan laka, al'adar da aka san Derbyshire da ita.