Mene ne HEIC, kuma me ya sa kwamfuta ke ƙin buɗe hoton iPhone?

Masu shagunan buga takardu a Jos, daga na Taminus har na kan titin Bauchi wajen jami'a, sun saba da wannan rigimar. Mutum ya zo da hoto a waya, a jona kebul ko a kwafe shi a filasha, sai kwamfuta ta nuna wani farin fayil da ba a ganin komai a fuskarsa. Sunansa ya fara da IMG da 'yan lambobi, a ƙarshe kuma ga haruffa huɗu: HEIC. A danna shi, ta ce ba ta san shi ba. Yaron shago ya ce, "Hajiya, hoton nan fa ya lalace." Ita kuma ta miƙo masa waya, ga hoto nan garau, ta ce, "Kai dai ka ce injinka ne ya tsufa."

Hajiya ta fi kusa da gaskiya. Hoton lafiyarsa lau, kuma ba bairos ba ne, kamar yadda wasu ke zato har su goge shi a tsorace. HEIC tsari ne na adana hoto, ɗan'uwan JPG da PNG da kowa ya sani. Bambancin kawai shi ne sabon shiga ne, kuma karanta shi na buƙatar wata manhaja da ba kowace kwamfuta ce ke zuwa da ita ba.

Asalinsa daga ƙungiyar ƙwararru ta MPEG ne, wadda ta fito da MP3 da MP4. A 2015 suka kammala wani tsari mai suna HEIF, wanda mazubi ne kawai: fayil guda da zai iya ɗaukar hoto ɗaya ko jerin hotuna, da ƙaramin hoton da ake gani kafin a buɗe, da bayanin nisan abubuwa daga kyamara, da ranar ɗauka da wurin. Shi mazubin bai damu da yadda aka matse hoton da ke cikinsa ba. Idan aka matse shi da fasahar HEVC, wadda ake kuma kira H.265, to fayil ɗin ne ke fitowa da .heic a wutsiyarsa. Ita HEVC ɗin tun 2013 take, kuma don bidiyo aka ƙirƙire ta. A taƙaice, hoton HEIC tamkar an tsinko fuska ɗaya ce, wato hoto ɗaya daga cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, aka ajiye. Riƙe wannan, don nan ne tushen matsalar yake.

Shekara biyu tsarin yana nan ba wanda ya san da shi sai masana. A 2017 Apple ya fitar da iOS 11, sabon zubin manhajar da ke tafiyar da iPhone, ya mai da HEIC tsarin da kyamara ke ɗauka da shi kai tsaye a iPhone 7 da duk waɗanda suka biyo bayanta. Bai tambayi kowa ba. Mutane suka kwana suna ɗaukar JPG, suka sabunta waya, suka wayi gari suna ɗaukar wani abu daban ba tare da sun lura ba, tunda a cikin wayar komai na buɗewa yadda aka saba. A nan gida abin ya ɗan jinkirta, sai da iPhone 'yan tokumbo suka cika kasuwa, ɗalibai da 'yan kasuwa da amare kowa ya riƙe, sannan masu shago suka fara cin karo da shi kullum. Wayoyin Android ma sun san tsarin, wasu Samsung da Xiaomi suna da wurin kunna shi a saitin kyamara, sai dai galibi a kashe yake zuwa. Tecno da Infinix da itel da suka fi yawa a hannun jama'a JPG suka saba ajiyewa.

Me Apple ya gani? Wurin ajiya a waya. Hoton HEIC kan ci kusan rabin abin da JPG mai irin kyansa zai ci. JPG ya fito ne a 1992, zamanin da kwamfuta ba ta da ƙarfin kirki, saboda haka dabararsa mai sauƙi ce: yana yanyanka hoto zuwa 'yan murabba'ai, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya matse kowanne kusan shi kaɗai. Ka ɗauki hoton duwatsun Shere da rani, rabin hoton sararin sama ne shuɗi fes. JPG zai bi wannan saman gutsure-gutsure, yana maimaita kusan bayani ɗaya sau dubbai. HEVC kuwa na iya ɗaukar fili har ɗigo 64 da 64 a dunƙule inda launi bai canza ba, ta ƙanƙanta yanka a inda ake da tarkace kamar ganye ko zanen atamfa, kuma tana hasashen kowane yanki daga maƙwabtansa, ta rubuta bambancin kawai. Ga kuma zurfin launi: JPG na da matakai 256 ga kowane launi, shi ya sa wani lokaci ake ganin sama ta yi layi-layi, HEIC kuwa zai iya ɗaukar 1,024 ko fiye. Ga mai waya 64GB da ta cika da hotunan biki da na suna, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Ta fuskar fasaha dai HEIC ya fi JPG, babu ja.

To me ya hana kowa rungumarsa? Kuɗi. Fasahar HEVC na ɗauke da haƙƙin mallakar kamfanoni da yawa, kuma ba wuri ɗaya ake biyan lasisinta ba, ƙungiyoyin karɓar kuɗin sun rabu gida-gida. Duk mai son sa ta a na'urarsa ko manhajarsa sai ya biya. Apple ya biya, ya zuba kuɗin cikin farashin waya. Microsoft kuwa ya raba abin biyu. Tun 2018 Windows 10 ke iya buɗe HEIC, amma sai an ɗauko ƙari biyu daga Microsoft Store: HEIF Image Extensions, wanda kyauta ne kuma shi ke gane mazubin, da HEVC Video Extensions, wanda ke warware matsin, ana sayar da shi kan abin da bai kai dala ɗaya ba. Nan ne mutane da yawa ke maƙalewa. Sun sauke na kyautar, sun ga har yanzu hoto bai buɗe ba, sai su ce abin ƙarya ne, alhali rabin aikin suka yi. Wasu kwamfutocin suna zuwa da na biyun tun daga kamfani, to amma in an yi musu fomatin aka sake ɗora Windows a kasuwa yakan tafi. Kuɗin ba yawa, sai dai ba kowa ke da katin da zai biya dala a intanet ba. Wanda kuma har yau yake kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, ba shi da wannan kantin ma gaba ɗaya. Haka tsoffin CorelDRAW da Photoshop da ake aikin kalanda da bana da su a shaguna da yawa: an rubuta su kafin a haifi HEIC. A manhajojin shiga intanet, Chrome ma ba ya nuna shi, Safari na Apple ne ya fara a 2023.

Akwai wani abin ban dariya game da WhatsApp. In ka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp na mai da shi JPG da kansa, ya rage masa nauyi, ya isa ko'ina ya buɗe. Shi ya sa mafi yawan masu iPhone ba su taɓa jin sunan HEIC ba. Amma mai aikin buga hoto da ya san sana'arsa ba ya son wannan ragaggen hoton, don in aka faɗaɗa shi a jikin bana fuskar ango sai ta dushe. Sai ya ce a turo masa a matsayin dokumen. Shawara ce mai kyau, domin dokumen na zuwa yadda yake ba a taɓa shi ba. To yadda yake ɗin HEIC ne. Wato wanda ya fi kula da ingancin aiki shi ya fi faɗawa ramin.

Dabarar da ta fi yawo a gari ita ce a goge .heic a rubuta .jpg. Wannan rubuta "shinkafa" ne a jikin buhun gero: sunan ya canza, abin da ke ciki yana nan. Abin da ke ruɗar mutane shi ne wani lokaci dabarar kan yi kamar ta ci, saboda wasu manhajojin ba sa duba suna, cikin fayil ɗin suke leƙawa, in sun iya HEIC su buɗe. Sai mutum ya ɗauka ya juya hoton, ya je ya ɗora shi a shafin neman aiki ko na gurbin karatu da ya ce JPG kawai yake karɓa, shafin ya ƙi, ko mafi muni ya karɓa amma a can ɓangaren ba a ga komai ba. Ba mu kaɗai ba ne. A watan Mayun 2020, lokacin kullen korona, ɗalibai a Amurka sun rubuta jarrabawar AP, ta 'yan sakandare masu shirin shiga jami'a, daga gida, suna ɗaukar hoton amsoshinsu suna turawa. Shafin hukumar College Board mai shirya jarrabawar bai karɓi HEIC ba, wasunsu sai da suka sake zama jarrabawar.

A ganina gyaran da ya fi sauƙi a waya yake, tun kafin hoto ya bar ta. A iPhone a shiga Settings, sai Camera, sai Formats. Zaɓi biyu ne: High Efficiency, wato HEIC, da Most Compatible, wato JPG. Wanda sana'arsa ta haɗa shi da tura hotuna kullum, dillalin fili ko mota, mai sayar da atamfa da leshi a intanet, ɗalibin da ke cike fom, gara ya koma na biyun ya huta. Sai dai hotunansa za su ƙara cin wuri a waya, kuma wasu nau'o'in bidiyo masu nauyi, kamar 4K mai fuska 60 a daƙiƙa, sai da High Efficiency suke ɗaukuwa. A kuma sani cewa canjin na hotunan gaba ne. Waɗanda aka riga aka ɗauka suna nan a HEIC ɗinsu.

Su waɗannan tsoffin akwai hanyarsu. A saitin Photos, can ƙasa, akwai Transfer to Mac or PC. In yana kan Automatic, wayar na juya hotuna zuwa JPG da kanta yayin da ake kwafa ta kebul. In yana kan Keep Originals, tana miƙa su yadda suke. Sai dai Automatic na da nasa halin: in hotuna da bidiyo sun yi yawa, juyawar kan sha wa wayar kai, kwafa ta tsaya a tsakiya, Windows ta ce ba ta ganin na'urar. Mutane kan zargi kebul su sayi sabo a banza. Maganin shi ne a kwafa kaɗan-kaɗan, ko a koma Keep Originals a juya su a kwamfuta daga baya. Idan kuma hoto ɗaya ne ko biyu, daga iOS 16 zuwa sama ana iya ajiye shi a manhajar Files ta wayar, a danne shi, a zaɓi Quick Actions, sai Convert Image, a ɗauki JPEG. A nan har girman ake zaɓa, abin da ke da amfani ga fom ɗin da ke cewa kada fasfo ya wuce kilobait kaza. Wasu kan yi sikirinshot na hoton su tura. Yana fitar da mutum kunya in sauri ake, amma girman allon waya kawai ake samu, bai isa a buga babba ba.

Mai shago kuwa bai kamata ya riƙa mai da kwastoma gida kan wannan ba. In ba zai sayi ƙarin Microsoft ba, akwai manhajojin kyauta. GIMP na buɗe HEIC tun 2018. XnView MP na buɗewa, kuma yana juya hotuna ɗari a zama ɗaya. CopyTrans HEIC na aiki har a Windows 7, kodayake kyautarsa ta amfanin gida ce, mai kasuwanci ya duba sharaɗin lasisin. Mai Mac, kwamfutar Apple, ba ruwansa da duk wannan, manhajar Preview da ke cikinta na buɗewa ta fitar da JPG. Abu ɗaya dai: kowace juyawa na ɗan rage inganci, don an warware matsi ne an sake wani, saboda haka a juya sau ɗaya daga asalin, kuma kada a goge asalin.

Inda nake da ja sosai shi ne shafukan intanet masu juya hoto kyauta, waɗanda su ne farkon abin da ke fitowa in an bincika. Suna aiki, ba a musu. Amma yawancinsu sai ka ɗora hoton a kwamfutarsu da ke wata ƙasa, kuma me ake yawan juyawa a shago? Katin ɗan ƙasa, takardar sakamako, fasfo, takardar fili, wani lokaci har katin banki. Ga shi fayil ɗin HEIC, kamar JPG, na ɗauke da rana da sa'ar ɗauka da nau'in waya, in kuma an bar wa kyamara izinin wuri, har da daidai inda aka tsaya, wanda sau da yawa tsakar gidan mutum ne a Unguwar Rogo ko Rikkos. Hoton fure ko na abinci, a ɗora. Takardar da ke da lambar mutum da sa hannunsa kuwa a juya ta a waya ko a kwamfutar da ke gabanka, balle in ta kwastoma ce da ya ba ka amana.

HEIC ba shi kaɗai ne baƙon wutsiya da za a riƙa gani ba. Hoton da aka sauke daga intanet yakan zo da .webp, tsarin da Google ya fitar a 2010, kuma tsoffin manhajojin zane na ƙin sa kamar yadda suke ƙin HEIC. Sai AVIF na 2019, wanda mazubinsa HEIF ɗin nan ne dai, amma matsin cikinsa AV1 ne, fasahar da Google da Netflix da Amazon da Microsoft da wasu suka haɗu suka yi musamman don kada a biya kowa kuɗin lasisi. Chrome ya fara nuna shi a 2020, Firefox a 2021. Su waɗannan biyun in sun ƙi buɗewa a kwamfuta, a jawo fayil ɗin a saka shi cikin Chrome, zai nuna.