Rawaya

Rawaya ƙaramin tsiro ne na daji mai fure ruwan ɗorawa, wanda yake fitowa a ƙasa mai tsakuwa da marmara, da gindin duwatsu, da saurukan da aka daɗe ba a noma ba. A ƙasar Zazzau ana ganin sa a irin dajin da ya kewaye duwatsu kamar Kufena. Iri biyu ne Hausawa suke kira da wannan suna, wasu kuma suna cewa balagande. Masana tsirrai suna kiran ɗaya Cochlospermum tinctorium, ɗayan kuma Cochlospermum planchonii. An rubuta bayanin na farkon wajen 1831, daga samfurin da aka samo a yankin Senegal.

Kamanni

Ƙarfin rawaya a ƙarƙashin ƙasa yake, cikin saiwa mai kauri wadda in an fasa ta sai a ga cikinta rawaya jawur. Saiwar ce take sa ya tsallake rani da gobarar daji. Nau'in farko yakan zubar da ganye bayan damina, sa'an nan da hunturu, galibi bayan wuta ta ci daji, sai furanninsa su ɓullo daf da ƙasa, babu ganye ko ɗaya, a tsakiyar baƙin toka. Na biyun yakan kai kamar mita 2, kuma yana fure a kan reshe wajen ƙarshen damina. 'Ya'yan in sun bushe sukan tsage, su fito da ƙwayoyi lulluɓe da gashi mai kama da audugar rimi.

Amfani a da

Daga saiwar ake samun rini. Akan sassaƙe ta, a shanya, a daka, a rina zare ko tufafi, a kuma ba mai da abinci launi. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna jiƙa ta don shawara da zazzaɓi, a ƙasar Hausa da Mali da Burkina Faso. Ba a daidaita ba kan yadda maganin yake aiki da kuma adadin da ya dace a sha.

Ƙwari masu ziyartar fure

Abin da furen rawaya yake bayarwa shi ne garin fure, kuma ba ya zubar da shi haka kawai. Garin yana cikin 'yan jakunkuna masu ƙaramar ƙofa a baki. Sai manyan ƙudan zuman daji, irin baƙaƙen nan masu huda busasshen itace, sun kama furen sun girgiza shi da ƙugin jikinsu, sa'an nan garin ya feso musu. Ƙudan zuman amya bai iya wannan ba, yakan tsinci abin da ya zube ne. Darajar nau'in farko ita ce lokacinsa: yana fure a watannin da ciyawa ta bushe kuma abincin ƙwari ya yi ƙaranci.

Shuka

Ba kasafai ake shuka shi ba. Yana fitowa daga iri, in an ɗan kankare ɓawon mai tauri, ko daga yankin saiwa. Yana son rana da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, don haka fadama ba wurinsa ba ce. Masu tono saiwa don kasuwa kan tumɓuke shi gaba ɗaya, alhali in an bar guntu a rami aka rufe, yakan sake tohowa.