Yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a duniya

Yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda ake kira maleriya, aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin gwamnatoci, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), masu bincike da ƙungiyoyin agaji, domin hana kamuwa da cutar, warkar da masu ita, da wayar da kan jama'a. Ƙwayar cutar Plasmodium ce ke haddasa ta, macen sauro nau'in Anopheles kuma ke yaɗa ta. Rahoton WHO na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2023 an samu kamuwa miliyan 263 da mutuwar mutum 597,000. Kusan kashi 95 cikin 100 na mace-macen a Afirka suka faru, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Yunƙurin farko

A 1880 likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin wani majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ita. A 1955 WHO ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga doron ƙasa, ta dogara da feshin maganin kashe sauro mai suna DDT da maganin kulorokwin. Shirin ya yi nasara a kudancin Turai da wasu yankuna, amma bai taɓo mafi yawan Afirka kudu da Sahara ba, alhali nan ne cutar ta fi kisa. Sauro ya fara jure wa feshi, ƙwayar cutar ta fara jure wa magani, kuɗi suka ja baya, aka jingine shirin a 1969.

Binciken Garki

Ɗaya daga cikin muhimman gwaje-gwajen da aka taɓa yi kan wannan cuta, a ƙasar Hausa aka yi shi. Daga 1969 zuwa 1976 WHO da gwamnatin Najeriya sun gudanar da bincike a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Tambayar ita ce: idan aka fesa magani a bangon ɗakuna, aka kuma raba wa kowa maganin sha, za a iya katse yaɗuwar cutar a irin wannan yanki? Cutar ta ragu ƙwarai muddin ana aikin, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Wani dalili shi ne wasu sauraye ba sa sauka a bangon ɗaki bayan sun yi cizo, waje suke fita su huta, feshin bai same su ba. Har yau masu lissafin yaɗuwar maleriya suna amfani da bayanan da aka tattara a Garki, kuma abin takaici ne yadda ba a faye ambaton wannan aiki a yankin da aka yi shi ba.

Taron Abuja da ranar 25 ga Afrilu

Bayan shekaru na sakaci, a 1998 WHO, UNICEF, UNDP (hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya) da Bankin Duniya suka kafa ƙawancen yaƙi da maleriya mai suna Roll Back Malaria. Ranar 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin Afirka suka hallara a Abuja, suka yi alkawarin rage mace-macen cutar da rabi kafin 2010. Daga nan aka riƙa bikin Ranar Maleriya ta Afirka, sai a 2007 babban taron WHO ya mayar da ita ta duniya baki ɗaya, aka fara kiyaye ta a 2008. Kuɗi suka biyo baya: asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da maleriya (Global Fund) a 2002, da shirin shugaban Amurka na yaƙi da maleriya a 2005. Gangamin "kawar da maleriya daga kaina zai fara", wanda ya samo asali a Senegal a 2014, Tarayyar Afirka ta rungume shi a 2018.

Makaman yaƙin

Gidan sauro mai magani shi ya fi kowane makami tasiri tsakanin 2000 da 2015. Amfaninsa ya rataya ne kan a kwana a cikinsa kullum, shi ya sa wayar da kai ta rediyo, masallatai, coci-coci da sarakunan gargajiya take da nauyi daidai da rabon kansa. Ga kuma gwajin jini na gaggawa, wanda ke hana a ɗauki kowace masassara a matsayin maleriya. Maganin da ake dogara da shi yanzu haɗi ne mai sinadarin atemisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka fitar daga wani nau'in tazargade a farkon shekarun 1970, abin da ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Masu juna biyu kuma ana ba su maganin kariya wajen awon ciki.

A yankin Sahel, inda cutar ke tsananta da damina, WHO ta ba da shawara a 2012 a riƙa bai wa yara daga wata 3 zuwa 59 maganin kariya kowane wata har ruwa ya ɗauke. Wannan ne maganin da ma'aikata ke bi gida-gida da shi a arewacin Najeriya, Nijar, Chadi da maƙwabtansu. Kashin farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da ke biye kuwa a hannun uwa yake.

Allurar rigakafi ta zo a makare. WHO ta amince da allurar RTS,S a Oktoban 2021 bayan gwaji a Ghana, Kenya da Malawi, sannan allurar R21 a Oktoban 2023. Kamaru ce ta fara sa ta cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024, Najeriya ta fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban shekarar. Kariyarta ba cikakkiya ba ce, don haka yaron da aka yi wa ita yana buƙatar gidan sauro.

Inda aka kwana

WHO ta ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2023 an ceci rayuka kimanin miliyan 12.7. Ta tabbatar da kawar da cutar a Aljeriya a 2019, Sin a 2021, Kef Bade da Masar a 2024. Sai dai ci gaban ya yi tsaiko tun wajajen 2015. A 2023, a Najeriya kaɗai aka samu kusan kashi 31 cikin 100 na mace-macen cutar a duniya, Nijar kusan kashi 6. Sauro na jure wa maganin da ake sa wa gidan sauro, an ga alamun ƙwayar cutar na jure wa atemisinin a Ruwanda, Yuganda da Eritiriya, ga kuma sauron Anopheles stephensi mai son birane, wanda ya ɓulla a Jibuti a 2012 kuma aka gano shi a Najeriya a 2020. Kuɗin da aka samu a 2023 dala biliyan 4 ne, ƙasa da rabin biliyan 8.3 da ake buƙata, tun kafin Amurka ta zaftare tallafinta na ƙetare a 2025.